Darasin zane ya koma kwafar rubutu da tara tsintsiya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamin firamare ne a nan Zariya, makarantar gwamnati, bana shekarata goma sha tara ina riƙe da alli, kuma mafi yawan shekarun nan a aji huɗu da aji biyar na yi su. Maganar kuwa ita ce ta darasin zane da aikin hannu, wanda yake nan a rubuce cikin jadawalin kowane aji amma in ka shiga ajin ba za ka same shi ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana, don shi ne ya tayar min da wannan magana. Ƙarshen zango ne, lokacin da ake cewa yara su kawo aikin hannu a ba su maki. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san yadda abin ya koma, tsintsiya ce ake kawowa, wani ya kawo biyu wani uku, wani maburgi wani mafici, kuma duk daga kasuwa aka sayo su, uwa ce ta kwance bakin zaninta ta bayar da kuɗin. Wasu wuraren ma an daina wahalar da kai, kuɗin kawai ake kawowa a rubuta maki. To ranar muna zaune a ofis tsintsiya ta yi tsibi a kusurwa har ta kusa kai taga, sai ga wani yaro ɗan aji huɗu ya shigo riƙe da motar kara. Malam Edita ban taɓa ganin irinta ba. Tirela ce ya yi, kai daban bodi daban, ya fere karan dawa ya soke ɓawon a cikin totuwa gaɓa gaɓa, tayoyin ya yanko su daga tsohon silifas guda goma cif kuma duk girmansu ɗaya, ƙofar direba tana buɗewa tana rufewa, har madubin gefe ya sa mata da ɗan gwangwanin madara da ya yanka, sannan ga dogon kara da ya haɗa da tayoyin gaba wanda in ya murza shi motar sai ta karya kwana. Kwana nawa ya yi yana wannan aikin Allah kaɗai ya sani. Abin da aka ce masa shi ne ya kwashe tarkacensa ya je ya kawo tsintsiya kamar kowa. Yaron bai ce komai ba ya juya ya fita, ni kuma ina zaune ban buɗe baki ba, kuma wallahi har yau in na tuna shirun da na yi sai raina ya ɓaci.

A takarda fa ba a bar komai ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na matakin farko, wato UBE, a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, ilimin shekara tara na farko ya zama haƙƙin kowane yaro, kuma manhajar da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara ta sa darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda muke kira CCA, tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. An cusa abubuwa da yawa a cikinsa, zane da sana'ar hannu da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo duk a darasi guda, kuma ana yin jarrabawarsa a ƙarshen aji ukun nan, wato JSS 3. To amma yaya ake koyar da shi? Malami zai shigo ya juya wa yara baya ya cika allo da turanci, ma'anar launi, ire-iren layi, launukan asali guda uku, yara su kwafa, wanda ma bai iya karanta abin da yake kwafa ba haka zai zana haruffan ya rufe littafi. Yaro zai haddace maka cewa in an haɗa shuɗi da rawaya ana samun kore, ya rubuta a jarrabawa ya ci, amma bai taɓa ganin hakan ya faru da idonsa ba ko sau ɗaya. Kuma galibi ba wanda ya karanci fannin ake ba darasin ba, duk malamin da aka ga ba shi da aiki da yawa shi ake liƙa wa. In ana son share fili ko za a yi baƙi daga ofishin ilimi, lokacin CCA ake ɗauka. In malamin lissafi bai gama ba, lokacin CCA zai ci.

Ba firamaren gwamnati kaɗai ba. 'Yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, ta kuɗi ce ma, rannan ta dawo da takarda wai an ba su aikin gida su zano kasuwa a babban kwali a yi masa kala. Na ce to bismilla ɗauko fensir. Sai ta ce ai Baba ƙawayena duk wurin mai zanen allon talla na bakin titi suke kaiwa ya yi musu su biya, kuma su ake ba maki mai yawa, in na yi da kaina dariya za a yi min. Na zaunar da ita muka yi kwana uku tana yi ina kallo, ta zana mai tumatir da mai nama da wata akuya da ƙafarta ɗaya ta fi sauran tsawo, ta kai, aka ba ta maki kaɗan, waɗanda suka saya aka ba su da yawa. Me muka koya wa yaran nan ke nan in ba cewa kuɗi yana sayen aikin wani ya zama naka ba? Tun suna shekara goma sha biyu fa.

Uzurin da kowa ke kawowa shi ne babu kayan aiki, kuma ba ƙarya ba ne. Ajina yara tamanin da bakwai ne, wasu a ƙasa suke zama, kwalin kala ɗaya yanzu kuɗinsa ya fi abin da uba zai iya ba yaro na tara na kwana biyu ko uku, balle fenti da burushi da takardar zane. Ni ma da wannan uzurin na fake shekara da shekaru. Amma bayan abin da ya faru da yaron nan mai tirela sai na zauna na tambayi kaina, shi wa ya saya masa kayan aiki? Kara ne da silifas da gwangwani, a bola da gona ya tsinto su.

Zangon da ya biyo baya sai na ce bari in gwada. Na roƙi hedimasta ya bar min darasin CCA na ajina in riƙa yi da kaina, ya haɗa min lokutan biyu wuri guda ranar Alhamis bayan tara, Allah ya saka masa da alheri bai musa ba. Satin farko kala muka yi. Na ce kowa ya zo da abin da zai samu a gida ba tare da an kashe ko sisi ba, wasu suka kawo zoɓo, wasu gawayi, wasu jar ƙasa da farar ƙasa, wata ta kawo garin lalle a ƙullin leda, wani ya kawo gangamau daga wurin kakarsa, ni kuma na sayo ƙaro da ɗan shuni irin na wanki. Muka jiƙa ƙaron tun daren Laraba. Muka daka gawayi muka tankaɗe da tsohon gyale muka zuba ruwan ƙaro, ga baƙi ya samu, irin yadda almajirai ke haɗa tawada. Zoɓo ya ba mu ja mai duhu, gangamau ya ba mu rawaya. Burushi kuwa asuwaki ne, ɗanyen icen darbejiya muka tattauna bakinsa ya yi laushi, wasu kuma gashin kaza suka ɗaure a tsinke. Takarda kuma kwalayen taliya da na sabulu ne da masu shago suka ba mu muka farke muka yi amfani da cikinsu. Murafen robobi su ne kwanukan kala.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da na ce wa wata yarinya ta ɗiga ruwan shuni a cikin na gangamau ta juya da tsinke. Tana juyawa abin ya fara komawa kore, sai ta saki tsinken ta ja da baya ta ce Malam ya canza! Ajin gaba ɗaya suka taso suka yanyame ta, kowa na cewa a ba shi ya gwada, har sai da malamin ajin kusa ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Wannan abin shekara biyu suna rubuta shi a littafi. Daga nan ban ƙara ce musu komai ba su da kansu suka shiga gwaji, a sa farar ƙasa a cikin zoɓo a ga me zai fito, a ƙara gawayi kaɗan a cikin jar ƙasa. Wani ya matsa lemon tsami a ruwan zoɓo ya ga ya ƙara haske, wani ya sa toka ya ga ya koma wani launi daban mai duhu, suka zo suna tambayata dalili, na ce su riƙe tambayar sai darasin kimiyya, kuma ranar da muka zo kansa ba wanda ya yi gyangyaɗi. Kayan makarantarsu sun ɓaci kam, washegari iyaye mata biyu suka aiko da ƙorafi, daga nan na ce duk ranar Alhamis kowa ya zo da tsohuwar riga a jaka.

Sai kuma maganar da na san tana zuciyar masu karatu da yawa, wato maganar addini. Wani uba ya zo har makaranta, mutumin kirki mai ilimi, ya ce Malam na ji an ce kana koya wa yara zane, ka san dai abin da hadisai suka ce game da masu sura. Na ce na sani Alhaji, kuma ban raina wannan magana ba, shi ya sa ban taɓa tilasta wa yaro ya zana mutum ko dabba ba, balle ya gina su da yumɓu. Na shigar da shi aji na nuna masa abin da ke jikin bango, ganyen mangwaro da na gwanda da aka shafa wa kala aka danna a kwali, dagi iri iri, zanen tabarma, tukwane da kasake ƙanana, taswirar unguwa da yara suka yi kowa ya nuna gidansu da masallaci da famfo. Ya daɗe yana kallo. Da zai tafi sai ya ce shi ma lokacin da ya yi sauka alarammansu ya yi masa zayyana a allo wadda har yanzu tana ɗakin mahaifiyarsa. To ai shi ke nan, zayyana ba zane ba ce? Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na mahaddatanmu na Kano da Borno ya ga adon da ake yi a farkon sura da wurin hizbi da rubu'i da sumuni, ja da rawaya da kore, da'ira cikin da'ira ba tare da kuskure ba, ya san cewa mutanen da suka fi kowa tsoron Allah a cikinmu su ne kuma suka fi kowa iya sarrafa alƙalami da launi. Daga baya na je na roƙi wani alaramma a unguwarmu ya zo ajin, ya zo da alƙalumansa na gamba da 'yan kwalaben tawada, ya zauna a tabarma ya fere alƙalami a gabansu, ya nuna musu yadda ake raba fili gida huɗu sannan takwas da zare kawai kafin a fara ado. Awa ɗaya da rabi yara tamanin da wani abu ba ka jin ko tari.

Abin da ke ba ni takaici ke nan Malam Edita, muna zaune a kan dukiya muna kukan babu. Nan Zariya fa ake maganar. Masallacin Juma'a na cikin birni wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19, masana gine-gine daga ƙasashen Turai sun zo sun auna bakan gizonsa sun yi rubuce-rubuce a kai, har yau akwai unguwa mai sunan Babban Gwani, amma ka tambayi ɗan aji shida a garin nan ko waye shi ka ji. Ƙofar fadar Zazzau da adon da ke jikinta yara na wucewa ta gabanta kullum ba wanda ya taɓa tsayar da su ya ce ku duba yadda layin nan ya shiga ƙarƙashin wancan ya fito. A cikin birni gida nawa ne ake ɗinkin hannu na manyan riguna, aska biyu da aska takwas, maza da mata, kuma kafin a sa allura sai mai zane ya zana fasalin a jikin yadin, wannan ma sana'a ce mai zaman kanta da ake ci da ita. A Samaru kuma, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kwalejin da ta zama jami'ar tana koyar da zane, a nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kawai ba sai sun koma sun ɗebo daga fasahar gidajensu, kuma sunayensu sun zagaya duniya. Sun taso daga kudu sun zo garinmu sun koya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuma suna kai tsintsiya.

Akwai ranar da na ciro naira ashirin daga aljihu na ɗaga na ce wa ke jikin kuɗin nan? Duk suka ce Murtala. Na juya bayan na ce wannan matar fa? Shiru. Na ce sunanta Ladi Kwali, daga garin Kwali take wanda yanzu yake cikin yankin babban birnin tarayya, ginin tukwane ta koya tun tana yarinya a wurin 'yar uwarta kamar yadda ake yi a ƙauye, ba ta yi boko ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin, ta je Ingila da Amurka tana gina tulu a gaban jama'a, a 1977 jami'ar nan ta Samaru ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ta rasu a 1984. Wata yarinya da mahaifiyarta ke gina tukwane, wadda da kunyar faɗin hakan take yi don ana tsokanarta, ita ce satin da ya biyo baya ta zo mana da yumɓu cike da bokiti ta koya wa ajin yadda ake cuɗa shi da yadda ake murza shi kamar igiya ana ɗorawa ana shafewa da ɗan tsumma mai ruwa. Ni kaina a wurinta na koya. Yarinyar da a da ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai.

Ba ina cewa duk yaron da ya taɓa yumɓu zai zama Ladi Kwali ba ne, ko kuma zane zai maye gurbin karatu da lissafi, a'a, ni ma na san halin da muke ciki na yaran da ke kai aji biyar ba su iya haɗa baƙi ba kuma shi ne babban ciwonmu. Amma abin da na gani da idona shi ne ranar Alhamis ajina ya fi cika, yaran da ke guduwa bayan tara su tafi talla ko gareji suna tsayawa, kuma wanda ya saba riƙe alƙalamin gamba yana bin layi a hankali rubutunsa na boko ma yana gyaruwa. Yarinyar da ta saƙa faifai ta ƙirga kaba nawa za ta yi ja kafin ta sa baƙi, in ka zo mata da maganar kashi ɗaya cikin huɗu ba ta ruɗewa. Kuma tela da kafinta da magini da mai walda da mai lalle da mai zane a kwamfuta duk ido da hannu ɗaya suke buƙata, a wannan shekarun ake samunsa.

Don haka roƙona ga hukumomin ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi shi ne a fitar da takarda a hana karɓar tsintsiya ko kuɗi ko duk wani abin da aka sayo a matsayin aikin hannu, a ce sai abin da yaro ya yi a cikin aji a gaban malami za a ba maki, ko da ya karkace. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Shugabannin makarantu kuma su daina yanka lokacin darasin nan, su haɗa shi wuri guda don minti talatin da biyar ba ya isa a jiƙa yumɓu ma balle a gina a wanke hannu. Kwamitocin iyaye da malamai su duba cikin unguwa, akwai marina akwai dukawa akwai masaƙa da masu ɗinkin hula da masu gyaran ƙwarya, da yawansu tsofaffi ne da za su ji daɗi a ce an gayyace su makaranta an kira su malam, ɗan abin goro kawai za a ba su. Makarantun Kano me zai hana su kai yara marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake haɗa baba da toka a cikin karofi, su wuce Gidan Makama? Ɗaliban zane na jami'a da na kwalejojin ilimi da ake turowa koyon aikin koyarwa kuma don Allah a riƙa ba su darasin da suka karanta, a daina mai da su masu cike gurbin turanci.

Iyaye 'yan uwana kuma, in yaro ya ɗauko gawayi ya nufi bango kar a fara da mari, a ba shi kwali.

Shi yaron nan mai tirela yanzu yana ƙaramar sakandare, na neme shi na ba shi haƙuri a kan abin da aka yi masa ina zaune, ya yi murmushi kawai ya ce ba komai Malam. Na roƙe shi ya zo wata Alhamis ya nuna wa ajina yadda ake haɗa sitiyarin nan da tayoyin gaba, ya ce zai zo da zarar an yi girbi kara ya bushe, amma a tanadar masa tsofaffin silifas da yawa da reza sabuwa. Mun fara tarawa, buhu ya kusa rabi. In wakilinku na Zariya yana da lokaci ranar muna gayyatarsa ya zo ya gani.

Na gode da wannan fili da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin firamare,
Zariya, Jihar Kaduna.